Firijin motar gida ya rage sanyi: a gyara shi ko a canja?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan firijin motar gida, irin motocin nan masu ɗakin kwana da kicin a ciki. Motar tana Texas, ƙirar 2005 ce. Firijin mai ƙofa biyu ne, yana aiki da gas, yana kuma aiki da wutar lantarki mai bolt 120. Firiza tana sanyi amma nama ba ya daskarewa ya yi tauri, ma'auni na nuna digiri 8 na Salsiyas ƙasa da sifili. Ɓangaren ƙasa da asuba 7 ne, da la'asar sai ya haura 13. Zafin waje yana kai 39. Ba ya wata ƙara, ba ya kunna fitilar gargaɗi. Wani mai gyara ya ce injin sanyin ya mutu, sai dai a sayi sabo. Haka ne, ko akwai abin dubawa kafin nan?

Malam Sule Mai Firij:
Wa alaikumus salam. Akwai abin dubawa da yawa, kar ka yi saurin zubar da kuɗi. Firijin da injin sanyinsa ya mutu ba ya kai firiza 8 ƙasa da sifili cikin zafin 39. Naka yana aiki, ƙarfinsa ne bai kai ba, abin nema shi ne me ke rage masa ƙarfin.

Irin wannan firiji ba shi da kwampreso, wato injin nan mai ƙara na firijin gida, shi ya sa ba ka jin ƙara. A bayansa akwai bututun ƙarfe rufaffe, cikinsa amoniya da ruwa da iskar haidurojin, sai wani sinadari mai hana tsatsa. Wutar gas ko hitar lantarki tana dafa haɗin a boila, tururin amoniya ya hau sama zuwa kwandensa, ya huce ya koma ruwa, ya gangaro cikin bututun firiza ya haɗu da haidurojin ya sake zama tururi, a nan ne yake janye zafin cikin firijin. Daga nan ruwa ya sake shanye amoniyar a murɗaɗɗun bututun nan na baya, komai ya koma boila. Ba famfo, ba fanka, zafi ne ke tura shi sama, nauyinsa ke dawo da shi ƙasa. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka fito da tsarin a 1922, har yau kuma bai sauya sosai ba.

Don haka abubuwa uku yake buƙata: zafi daidai gwargwado a boila, iskar da za ta kwashe zafi daga bayansa, da tsayuwa daidai ba karkata. Amoniyar tana fara bi ta firiza kafin ta sauko ƙasa, saboda haka duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, ɓangaren ƙasa ne ke fara ɗumi. Daidai abin da ka bayyana ke nan.

Injiniya Bashir:
Kafin komai, Abban Hanifa, kashe shi ka buɗe murfin waje na ƙasa ka duba da tocila. Abu biyu kake nema: warin amoniya mai hawa kai, da wani gari rawaya ko rawaya-kore a jikin boila ko a ƙasan wurin. Garin nan shi ne sinadarin hana tsatsan da Malam Sule ya ambata, idan ya fito waje bututu ya tsage. In ka ga ɗaya daga ciki, rufe gas, zare fulogi, kar a sake kunna shi ko na minti ɗaya. Haidurojin da amoniya ne ke fita kusa da harshen wuta, daga nan gobarar motocin nan ke tashi. Kar ka taɓa garin da hannu tsirara, guba ne.

Kuma tunda motar ta 2005 ce, kwafi lambar samfuri da lambar siriyal daga takardar da ke manne cikin ƙofa. Kamfanin firiji na Dometic sun yi kiranyen wasu firijoji masu ƙofa biyu a 2006, wato sun nemi a kawo su a gyara, suka faɗaɗa shi a 2008, kamfanin Norcold ma sun yi na jerin 1200 a 2010, duk saboda tsagewar boila. Duba ko naka yana ciki, in yana ciki ko an saka masa kayan kariyar da aka tanada.

Abban Hanifa:
Na duba Injiniya. Babu wari, babu garin rawaya. Lambarsa ba ta cikin waɗanda aka yi wa kiranye. Amma wurin cike yake da ƙura da saƙar gizo, kuma akwai ɓarɓashin tsatsa a kan bonar, wato inda wutar gas ke ci.

Injiniya Bashir:
Madalla. To yanzu a raba matsalar gida biyu. Bar shi a kan lantarki awa 24 cur, ka sa kofin ruwa a tsakiyar ɓangaren ƙasa da ma'aunin zafi a cikin ruwan, ka rubuta abin da ya nuna da asuba da la'asar. Sai ka mayar da shi gas wasu awa 24, ka yi haka. Auna ruwa za ka yi, ba iska ba, don iskar ciki tana ɗumama da zarar ka buɗe ƙofa, sai ta ba ka lamba ta ƙarya. Kar ka ƙara abinci mai ɗumi a tsakanin. In ɗaya ya fi ɗaya sanyi sosai, laifin na hanyar zafin da ta gaza ne. In duka biyun sun gaza daidai wa daida, sai mu koma kan iska da karkata da sensar da ke auna sanyin ciki.

Umman Khalil:
Malam Abban Hanifa, kafin awa 48 ɗin su cika ka fitar da nama da madara da dafaffen abinci ka sa a kula da ƙanƙara. Digiri 4 ko ƙasa da haka ake so. A 13 ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ko da abincin bai canja wari ba.

Sannan ka duba ƙananan abubuwan da ake rainawa. Ɗauki takardar kuɗi ka maƙale ta a ƙofa ka rufe, ka ja. In ta zame ba tare da ta riƙe ba, robar ƙofar ta saki a wurin. Bi ta duk kusurwa huɗu, musamman ƙasa ta ɓangaren hannu. Dubi fika-fikan alminiyon na ciki, in ƙanƙara ta taru a kansu ta wuce kaurin milimita 3 to tana tare sanyi, a kashe a bar ta ta narke da kanta, ba a kankare ta da wuƙa. Kar a shimfiɗa leda ko takarda a kan shelf, iska ta cikin ramukan take zagayawa. Akwai kuma siririn tiyo da ke fitar da ruwan narkewa zuwa waje, bakinsa yana da ɗan toshi mai ƙananan huji. In ya faɗi, iska mai zafi na bin tiyon ta shigo ciki kai tsaye.

Malam Sule Mai Firij:
Maganar karkata ita ce ta fi damuna da motocin nan, don ita ce ke kashe su a hankali. Ɗora ma'aunin magina, mai ƙwayar kumfa a tsakiya, a kan daɓen firiza. Iyakar da Norcold suka bayar ita ce digiri 3 gefe da gefe, digiri 6 gaba da baya, idan kana fuskantar firijin. Lura, firijin yawanci yana kallon tsakiyar mota ne, saboda haka gefensa shi ne gaba da bayan motar. Ajiye mota a gangaren ƙofar gareji hancinta sama shi ne karkatar da ta fi cutar da shi.

Abin da ke faruwa: bututun baya an sunkuyar da su kaɗan-kaɗan don ruwa ya gangara. In mota ta karkata, ruwan sai ya kwanta a wani lungu, boila ta rasa abin dafawa, zafinta ya wuce kusan digiri 180 da ta saba. Sinadarin hana tsatsan sai ya ƙone ya zama tsakuwa-tsakuwa ya fara toshe siririn bututun da ke ɗaga ruwa. Wannan ɓarna taruwa take yi, yau kaɗan gobe kaɗan, kuma ba ta warwaruwa. Ana tafiya a hanya babu laifi, girgiza tana motsa ruwan. Tsayuwa ce matsalar. Duk inda za a tsaya a karkace fiye da 'yan mintuna, a kashe firijin.

Abban Hanifa:
Ga sakamako. Inda motar take, kumfa tana tsakiya. Robar ƙofa ta riƙe takarda ko'ina. A lantarki: asuba 6, la'asar 11. A gas: asuba 9, la'asar 15. Harshen wutar gas ɗin gajere ne, bakinsa rawaya, yana kaɗawa.

Injiniya Bashir:
To matsala biyu gare ka. Gas ɗin ya gaza, wannan a fili yake. Amma lantarkin ma bai kai ba, kuma tazarar da ke tsakanin asuba da la'asar tana nuni da iska.

Fara da gas. Rufe tukunya, bari komai ya huce. Cire murfin bonar, kwance bututun bonar da ƙaramar nozul ɗin tagulla. Jiƙa nozul ɗin cikin sifirit, ka hura ta da iska ta bushe, ka ɗaga ta a haske ka ga hujin zagaye tsaf. Kar ka tsokana ta da allura ko waya. Hujin an auna shi ne da ƙyar ido ke ganinsa, in ka faɗaɗa shi wuta za ta yi yawa, ta tara kunkunniya, ta cinye boila. Bututun bonar kuwa ka wanke tsagoginsa da ƙaramin burushi. Gizo-gizo na son shiga ciki, zanzaro ma na gina gidansa na laka a can.

Sai bututun hayaƙi da ke bisa bonar. A cikinsa akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe rataye da waya, aikinsa jinkirta zafi a daidai boila. Ɓarɓashin tsatsar da ka gani daga nan yake zubowa. Rufe bonar da tsumma, zaro ƙarfen ta sama, goge bututun da dogon burushi, ka mayar da shi tsayinsa na asali. In wayar ta tsinke ko ƙarfen ya ɓace, zafi zai wuce ta sama a banza ko da wutar ta yi kyau. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tsaye, tana ɗan huci, tana shiga tsakiyar bututun.

In ka gama duk wannan wutar tana nan gajeruwa, regileta ce. A Amurka ƙarfin gas inci 11 ne na ruwa, wato ya ɗaga ruwa kusan santimita 28 a lanƙwasasshen tiyo, kuma ana aunawa ne alhali wasu kayan gas ɗin motar suna kunne. Wannan ka bar wa mai aikin gas mai ma'auni. Regileta mai shekara ashirin canja ta ake yi, ba murɗa ta ba. Duk mahaɗar da ka kwance ka shafa mata ruwan sabulu bayan ka buɗe gas, in ta yi kumfa tana yoyo.

Lawwali Jamus:
Ga na Turai don masu karantawa daga nan, kar su ɗauki lambobin Amurka. Motocin yanzu ƙarfin gas milibar 30 suke amfani da shi, amma tsofaffin motocin Jamus akwai masu 50, kuma nozul ɗin ɗaya ba ta aiki a ɗayan. A karanta takardar da ke cikin ɗakin tukunyar gas da ta jikin firijin, dole su zo ɗaya. Sannan firijojin nan ana sayar musu da murfin hunturu da ake rufe tagogin iska na bayan firijin da shi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 8 ko makamancin haka. Mutane da yawa bazara ta shigo sun manta shi a jiki, su yi ta zargin firiji. Masu firiji mai hanya uku kuma, wato gas da lantarki da batir, su sani hitar batir mai bolt 12 ba don sanyaya firiji daga ɗumi aka yi ta ba, riƙe sanyi take yi lokacin tuƙi. Tana jan kusan amfiya 10, in ba a haɗa ta yadda za ta mutu da mutuwar inji ba, cikin 'yan awoyi za ta shanye batir.

Injiniya Bashir:
Haka ne Lawwali. Mu koma lantarkin Abban Hanifa. Zare fulogin firijin daga soket ɗin da ke bayansa, cire wayoyin hita biyu daga fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa firijin, ka auna su da mitar lantarki a kan om, ma'aunin juriya. Lissafin shi ne bolt sau bolt, a raba da wat ɗin da ke rubuce a jikin hitar. Mai wat 325 a wutar 120 za ta ba ka kusan om 44. Masu wat 225, da ake sa guda biyu a manyan firijoji masu ƙofa huɗu, kowace kusan 64. Ta Turai mai wat 125 a wutar 230 kusan 423. Bambancin kashi 10 cikin ɗari ba komai. In mita ta nuna hanya a yanke, ta ƙone. Auna kuma tsakanin waya da jikin ƙarfen hitar, bai kamata a sami hanya ba. Tabbatar ta shige cikin kubenta har ƙarshe, don in ta zamo sama rabin zafin iska yake dafawa.

Auna wutar soket ɗin da la'asar, lokacin da kowa a sansanin kwanan motocin nan ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. In ta faɗi zuwa 105, hitar 325 wat 250 kawai take bayarwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Fanel ɗin ma da wutar batir mai bolt 12 yake aiki ko a gas ko a lantarki, kar ta sauka ƙasa da 10.5 a bakinsa.

Sensar da ke maƙale a fika-fikan ciki ita ke gaya wa fanel ya kashe ko ya ci gaba. Cire ta ka tsoma kanta a ruwan ƙanƙara minti biyar ka auna. Ta Dometic tana ba da om 7,000 zuwa 10,000, ta Norcold 30,000 zuwa 32,000. Bi abin da littafin naka ya ce.

Ɗan Maraɗi:
Ranku ya daɗe, ku ba ni dama. Wannan tsarin shi ne na firijin kananzir da aka daɗe ana ajiye allurar rigakafi a ciki a asibitocin karkara a Nijar da Arewa. Dokokinsa ɗaya ne: a daidaita shi da ƙasa, a datse lagwani wuta ta yi shuɗi, a goge bututun hayaƙi, a nisanta shi da bango. Kuma rauninsa ɗaya ne, watannin Afrilu da Mayu, in zafi ya haura 40 yana wahalar riƙe digiri 2 zuwa 8 da allura ke buƙata, shi ya sa aka yi ta komawa firijin sola mai kwampreso. Akwai dabarar da masu gyara ke yi in ya toshe: a fitar da shi a kifa shi kai ƙasa na yini guda, a juya shi gefe-gefe, a tsayar da shi ya zauna sannan a kunna. Abban Hanifa zai iya gwada ta kafin ya sayi wani abu.

Malam Sule Mai Firij:
Bayaninka na firijin kananzir daidai ne ɗan'uwa, amma kifawar ban goyi bayanta ba a nan. Tana taimakon firijin da ya daɗe a ajiye ruwansa ya kwanta inda bai kamata ba. Wanda tsakuwar sinadari ta toshe kuwa, kifawa na iya gusar da ita zuwa wani wuri, ya yi sanyi na ɗan lokaci, ta sake dawowa bakin siririn bututun. Tsakuwar ba ta narkewa, kuma sinadarin da ya ƙone ya daina kare ƙarfe daga tsatsa, tsagewa ce ke biye. Firijin asibiti ma mutum biyu za su juya shi. Na mota sai an kwance gas da wayoyi da sukurori an zaro shi daga kabad. Duk wanda ya sha wannan wahalar gara ya saka sabon injin sanyi kawai.

Kuma na Abban Hanifa bai nuna alamar toshewa ba tukuna. Ana gane ta da hannu bayan ya yi awa uku yana aiki: murfin boila zafi ƙwarai, amma murɗaɗɗun bututun baya sanyi ƙalau. A lafiyayye, na ƙasa suna da zafi, ɗumin yana raguwa kana hawa sama. Taɓa a hankali, boila tana ƙona fata.

Kar kuma kowa ya yarda a yi masa walda ko a ƙara masa gas a gefen hanya. Matsin da ke ciki ya haura bar 20, ba irin gas ɗin firijin gida ba ne.

Abban Hanifa:
An wanke bona da nozul, an sami gidan zanzaro a bakin bututun hayaƙi. Wuta ta koma shuɗiya, gas da lantarki yanzu sun zo ɗaya, asuba 5, la'asar 10. Hita om 45, sensa daidai da littafi, soket 116. Bututun baya suna da ɗumi kamar yadda Malam Sule ya ce. Na leƙa sama da tocila: tsakanin bututun da bangon mota akwai fili kusan inci 4, kuma saman firijin akwai rami babu komai. Akwai fanka ɗaya amma ba ta juyawa. Gefen firijin ne ke kallon yamma.

Malam Sule Mai Firij:
To ga inda ɓarnar take. Bayan firijin nan kamar babban bututun hayaƙi yake: iska mai sanyi ta shiga ta tagar ƙasa, ta ratsa bututun da kwandensa, ta fita ta rufi. Iska kuwa hanya mafi sauƙi take bi. In ka bar mata inci 4 za ta bi jikin bango ta wuce ba ta taɓa ƙarfen ba. Filin bai kamata ya wuce inci 1 ba. Ana gyara shi da fallen alminiyon ko kwano: a lanƙwasa shi a ɗaure a bango, ɗaya a ƙasan murɗaɗɗun bututu, ɗaya dab da ƙasan kwandensa, bakinsa ya matso kusa ba tare da ya taɓa ba, don a tilasta wa iska ratsa fika-fikan. Ramin saman firijin zafi yake tarawa yana gasa rufin firiza. Cika shi da audugar gilashi, a rufe fuskarsa da kwano a karkace zuwa tagar rufi. Gefe da gefe ma kar a bar fili. Kusa da boila da bututun hayaƙi ƙarfe kawai, ba katako ba soso.

Hau rufi ka cire murfin tagar sama. Ragar tana toshewa da ganye da sheƙar tsuntsu.

Fankar, ba ta wutar 12 kai tsaye ka gani. In ta juya, ɗan makunnin zafi da ke manne a kwandensa ne ya mutu. Irin na Norcold yana kunnawa a kusan digiri 54 ya kashe a 46. In ba ta juya ba, saka fankar kwamfuta mai milimita 120 guda biyu, da fis ɗin amfiya 1 ko 2. A sama ake sa su suna jan iska waje, kar su hura wa bona. Sannan juya motar gefen firijin ya kalli arewa ko gabas, ko ka buɗe rumfa a kansa ba tare da ka toshe taga ba.

Alhaji Garba:
Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma Malam Sule, firijin nan shekararsa ashirin. Ko an yi masa duk wannan hidima, a zafin Texas da kyar zai riƙe 4 da rana, kuma a buɗe ƙofa sau uku sai ya ɗauki awoyi kafin ya farfaɗo. Ni shawarata a fitar da shi a sa mai kwampreso na wutar 12. Cikin awa biyu zuwa uku ya yi sanyi, karkata ba ta dame shi, babu wuta a bango, kuma cikinsa ya fi faɗi a rami ɗaya saboda babu tarin bututu a baya. Sababbin motoci da yawa yanzu da shi suke fitowa.

Lawwali Jamus:
Alhaji, sai an faɗi ɗayan gefen. Mai gas yana da abin da mai kwampreso ba shi da shi: zama a daji mako biyu ba tare da tunanin batir ba. Na Turai gram 250 zuwa 400 na gas suke ci a yini, tukunyar kilo 11 ta kai wata guda a firiji kaɗai. Na Amurka mai ƙofa biyu, tukunyar gas mai nauyin fam 20 tana kai kwana 12 ko da wutar ba ta mutu ba dare da rana. Kuma shiru yake, ga wanda gadonsa ke dab da kicin. Wanda ya canja bai yi lissafin batir ba, ya sayi wata matsalar ce da kuɗinsa.

Injiniya Bashir:
To a yi lissafin. Mai kwampreso girman na Abban Hanifa yana jan kusan amfiya 5 yana aiki. A duba takardar wanda za a saya. In rabin lokaci yake aiki, amfiya 5 sau awa 12, amfiya-awa 60 a yini. A zafin 39 a ɗauka kashi 70 cikin ɗari, kusan 84. Batirin ruwa mai amfiya-awa 100 rabinsa ake ci in ana son ya daɗe, wato 50, ba zai kai safiya da firiji da fitilu da famfo ba. Lithium mai 200 zai ba da 160 cikin kwanciyar hankali, kusan kwana biyu ba rana. Sola wat 300, awa 5 na rana mai ƙarfi, a cire asarar zafi da waya da caja kashi 30, saura wat-awa 1,050, kusan amfiya-awa 80. Ka ga firijin kaɗai ya cinye abin da ta kawo a ranar zafi. Don haka 400 ya fi zama lafiya. Wanda kullum a sansani mai soket yake kwana, duk wannan bai shafe shi ba, mai kwampreso ya fi masa ba tantama.

Akwai hanya ta tsakiya: a bar akwatin firijin a canja injin sanyin baya kaɗai, ko da sabon mai gas ko da na kwampreso da aka ƙera don ya shiga gurbin. A jihar Indiana akwai masu ƙera su. Ana zaro firijin a kifa shi kan bargo, a kwance sukurorin cikin firiza da na fika-fikai, a ɓamɓaro tsohon, a kankare tsohon man isar da sanyi tas. Inda aikin ke lalacewa wuri biyu ne: man da ake shafa wa bututu don ya manne da farantin firiza, in ya yi kaɗan ko ya bar gurbi sanyi ba zai ratso ba, da kuma kewayen soson da ke lulluɓe da bututun injin, in ba a toshe shi da kumfa da tef ɗin alminiyon ba, iskar waje za ta shiga ta yi ta tara ƙanƙara. Wannan hanyar tana biyan kuɗin sabulu ne in ƙofofi da roba da fanel suna da lafiya.

Umman Khalil:
Masu tunanin saka firijin gida da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir wutar gida, su ma su sani: sai inbata mai tsaftatacciyar wuta wadda za ta ɗauki fizgar tashin kwampreso, kuma ita kanta tana cin batir ko firijin na hutawa. A ɗaure shi da ƙusa sama da ƙasa, a sa wa ƙofofi sakata, in ba haka ba lanƙwasar hanya ɗaya mai kaifi za ta watso komai ƙasa. A kuma auna faɗin ƙofar mota kafin a biya kuɗi, wasu sai an cire taga ake shigar da su.

Abban Hanifa:
Allah Ya saka da alheri. An saka kwano biyu, an cika ramin sama, fankoki biyu suna aiki, an share ragar rufi. Zafin waje 38, ruwan kofi asuba 2, la'asar 5, firiza 14 ƙasa da sifili. Zan riƙe shi haka wannan bazarar. Amma in na tashi komawa mai kwampreso, me ake yi da bututun gas da tagogin?

Malam Sule Mai Firij:
Amin. Wannan 5 ɗin za ta sauka in ka maƙala ƙaramar fanka a fika-fikan ciki, ka kuma ɗan matsar da sensa sama in irin mai zamewa ce. Kunna shi tun daren da za a yi lodi, abinci ya shiga da sanyinsa. Kowace shekara a wanke bona a duba garin rawaya. Ka tabbatar akwai na'urar jin hayaƙin gas mai guba a cikin motar, kuma robar da ta kewaye fuskar firijin ta raba bayansa da ɗaki.

Injiniya Bashir:
Bututun gas ba a matse shi da filaya ko a naɗe da tef. A toshe shi da toshin tagulla mai daidai da bakinsa, ya fi kyau ma a can inda ya rabu da babban layi, a ɗaure ragowar kar ya yi ta girgiza, a gwada da ruwan sabulu, mai aikin gas ya auna ko matsi na sauka. Wayar 12 da ke wurin siririya ce, don fanel aka ja ta. Ja sabuwa mai lamba 10 a ma'aunin Amurka, kusan murabba'in milimita 6 a na Turai, tafi da dawowa, da fis ɗin da littafin ya faɗa, yawanci amfiya 15, kusa da batir. Dalili kuwa, kwampreso irin Secop BD35F yana kashe kansa in wuta ta faɗi 10.4, ba ya tashi sai ta koma 11.7. Da siririyar waya zai yi ta yunƙurin tashi yana mutuwa alhali batir na cike. Tagogin kuma ya danganta da samfurin: wanda ke fitar da zafinsa ta gaba cikin ɗaki, a rufe tagogin waje da abin tare zafi don ƙura da ruwan sama, wanda kwandensarsa ke baya, a bar su a buɗe, fankokin da ka saka yanzu su ci gaba da aiki.